Kuɗin haraji a kai mashayi magani maimakon gidan yari: daidai ne kuwa?

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya tsaya min a rai kwana biyu, na ce bari in kawo shi nan. Wasu gwamnatoci, musamman a Amurka, suna ware kuɗi su ba kotuna da cibiyoyin jinya tallafi, domin idan an kama mutum da ƙwayar da yake sha, bai daki kowa ba, bai zare makami ba, a tura shi magani maimakon a ɗaure shi. Ni zuciyata ta rabu biyu. Ƙanena ya yi wata goma sha ɗaya a tsare kan abin da aka samu a aljihunsa, ya fito bai cika sati uku ba ya koma ruwa, har ya fi da lalacewa. Saboda haka na san ɗauri bai yi masa magani ba. Amma idan na tuna kuɗin nan harajin mutanen da ba su taɓa kai ƙwaya baki ba ne, ga masu ciwon ƙoda da na daji suna jiran taimako, sai in ji nauyi. Shin tallafin nan daidai ne? Kuma yana aiki, ko zuba ruwa ne a kwando?

Dattijon_Zaure:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya shirya miki shi. Amma ni kam ban yarda ba. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mai ciwon ƙoda bai je ya sayo cutarsa da kuɗinsa ba, shi kuwa mashayi da ƙafarsa ya taka ya je wurin dillali. Idan yara suka ga cewa ƙarshen abin gado ne a asibiti da kuɗin gwamnati, wane tsoro kuma ya rage?

Barista_Sadiya:
Baba, da girmanka, bari in ɗan faɗi yadda abin yake tafiya, don ba gadon hutu ba ne. Kotun masu shaye-shaye ta farko an buɗe ta a 1989 a gundumar Miami-Dade ta jihar Fulorida, lokacin da hodar ibilis ta cika kotuna da fuskoki iri ɗaya, a ɗaure mutum yau, jibi ya dawo. A 1994 majalisar Amurka ta saka tallafin irin waɗannan kotuna cikin babbar dokar yaƙi da laifuka, ta kuma gindaya sharaɗi: kuɗin ba za su shafi wanda ya yi laifin tashin hankali ba. Daga nan maganar "wanda bai cuci kowa da ƙarfi ba" ta zama ƙofar shiga. Yanzu irin kotunan sun haura 3,000 a ƙasar. Kuɗin tarayya na fitowa ta ma'aikatar shari'a da kuma hukumar SAMHSA mai kula da shaye-shaye da lafiyar ƙwaƙwalwa, jihohi su ƙara nasu.

Wanda ya shiga kuwa yana ƙarƙashin idon alƙali shekara guda ko fiye. Zai riƙa bayyana a kotu, a yi masa gwajin fitsari ba tare da sanarwa ba, ya halarci zaman jinya. Ya yi wasa a kulle shi na 'yan kwanaki, ya ci gaba da wasa a kore shi ya je ya karɓi hukuncinsa.

Malam_Lissafi:
Ummu_Hanan, kan batun haraji: ai kuɗin nan ana kashe su ko an so ko ba a so. Abincin ɗan kaso, albashin gandiroba, wuta, ruwa, motar kai shi kotu, duk daga aljihun mai biyan haraji suke fita. Tambayar ita ce a wace ƙofa za a kashe. Cibiyar NIDA ta gwamnatin Amurka mai bincike kan shaye-shaye ta daɗe tana cewa duk dala ɗaya da aka sa a jinyar shaye-shaye tana rage asarar dala 4 zuwa 7 ta fannin laifuka da shari'a kaɗai.

Dattijon_Zaure:
Malam, lissafin takarda daban, abin da ido ke gani daban. Nawa ne suka warke?

Sista_Rabi:
Baba ya yi tambaya mai kyau, kuma ba zan ɓoye ba, da yawa suna komawa. Ita NIDA ɗin da Malam ya ambata ta ce kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa jinya kan sake faɗawa. Amma kusan haka alƙaluman masu hawan jini da asma suke wajen dawowar ciwo, har sun ɗan fi, kuma babu mai cewa a rufe asibitinsu.

Na yi shekara tara ina aiki a ɗakin da ake kwantar da masu barin ƙwaya. Da idona na ga ƙato majiyi ƙarfi a rana ta biyu ya dunƙule a ƙasa kamar jariri, gumi ya jiƙa zanin gado sharkaf, hamma ba ƙaƙƙautawa, hanci na zuba, ƙafafu na harbawa su kaɗai, yana amai yana roƙona in taimake shi. Wanda ya kai wannan matsayi ba daɗi yake nema ba kuma, gudun wannan azaba yake yi. Shan farko zaɓinsa ne, na yarda da Baba. Sha na dubu kuma jiki ne ke karɓa da ƙarfin tsiya.

Abin da ya fi tayar min da hankali a labarin ƙanenki, 'yar'uwa, shi ne satin farko bayan fitowa. Idan mutum ya yi watanni bai sha ba, jikinsa ya manta da yawan da ya saba ɗauka. Ya fito ya sha daidai na da, sai numfashi ya tsaya. Wani bincike da aka wallafa a 2007 kan waɗanda aka sako daga gidajen yarin jihar Washinton ya gano cewa a sati biyun farko, haɗarin mutuwarsu ta hanyar shan ƙwaya fiye da kima ya ninka na sauran jama'a sau 129. Ki gode wa Allah da ya tsallake.

Ummu_Hanan:
Innalillahi. Sista wallahi ban san wannan ba. Ranar da ya fito murna kawai muke yi, babu wanda ya ja mana kunne.

Mai_Shago77:
Ni abin da ke ba ni haushi shi ne sunan nan, wai bai yi tashin hankali ba. Sau uku ana fasa min wurin sana'a cikin dare, kuma da aka kama yaron mashayi ne. Bai dake ni ba, gaskiya ne, amma jarin shekara biyu ya tafi. Mahaifiyarsa ma ya sayar mata da keken ɗinki. Mu da aka cuta wa zai ba mu tallafi?

Barista_Sadiya:
Alhaji, koken ka na kan hanya. Ya danganta da dokar wuri. Wasu shirye-shiryen na wanda aka kama da ƙwayar shansa ne zalla, wasu suna karɓar ɓarawon da shan ne ya ingiza shi, kuma a irin wannan alƙali na iya sa biyan diyya cikin sharuɗɗan kammalawa. Abin lura, wanda ke kulle ba ya samun abin da zai biya ka. Wanda ke waje yana aiki ƙarƙashin sa ido, ana iya cira daga abin da yake samu.

Mai_Shago77:
In dai za a biya ni, to da sauƙi. Amma ban taɓa ganin wanda aka biya ba.

Na_Dawo_Hanya:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ni na bi ta irin wannan kotu, wata goma sha takwas. Bari in gaya muku yadda safiyata take. Ƙarfe shida zan kira wata lamba, na'ura ta faɗi launin ranar. An ba kowa launinsa, nawa kore ne. Idan aka ce kore, dole kafin yamma in je in ba da fitsari, ma'aikaci na tsaye yana kallona don kada in yi musanya. Wani satin sau ɗaya, wani satin sau uku. Duk sati biyu in tsaya gaban alƙaliya. Abin da ba zan manta ba, ta san sunan 'yata. Rannan ta tambaye ni ko yarinyar ta fara tafiya, sai na kasa magana a gaban mutane, don shekaru na yi babu mai kallona a matsayin uban wani.

Baba Dattijo, ka ce tsoro ya tafi. Wallahi na taɓa yin wata shida a kulle kafin wannan, kuma ya fi min sauƙi. A can kwanciya kawai nake ina ƙirga kwana, ƙwayar ma ba ta gagara samu ba. A nan kuwa kullum sai na zaɓa da kaina.

Amma ba zan yi muku ƙarya ba, akwai cuta a tsarin. Na rasa aiki guda saboda kiran gwaji da zaman kotu suna faɗowa a lokacin aiki, mai gidan ya gaji da ni. Wani ɓangare na kuɗin gwajin ma daga aljihuna ya fita. Mu goma sha huɗu muka fara tare, mu biyar muka gama. Cikin waɗanda suka faɗi akwai wanda rashin abin hawa ne kawai ya kayar da shi, ya makara sau uku aka rubuta kamar ya sha.

Hajiya_Maman_Biyar:
Allah ya ƙara tsare ka ɗana, ya raya maka 'yarka. Ka sa ni hawaye.

Dattijon_Zaure:
Na ji ka yaro, kuma na yi maka murna har zuciya. Amma ka lura da bakinka ka ce biyar cikin goma sha huɗu. Kuma sandar alƙali ce ta tsayar da kai. Ashe ba a rabu da hukuncin ba ke nan.

Ɗan_Jami'a:
Ni ina ganin a daina wahalar da kai, a yi irin na ƙasar Fotugal kawai. Sun halatta ƙwayoyi gaba ɗaya kuma matsalarsu ta ƙare.

Dr_Aminu_K:
Ƙanena, gyara biyu. Fotugal ba ta halatta ba. Daga Yulin 2001 ta cire riƙe ƙwaya ta amfanin kai, wadda ba ta wuce ta kwana goma ba, daga sahun laifukan da ake ɗauri a kansu. Har yanzu haramun ce a doka, 'yan sanda na ƙwacewa, dillali kuma yana shan ɗauri. Wanda aka kama ana tura shi gaban wani kwamiti da ya haɗa masanin shari'a da ma'aikatan lafiya ko na jin daɗin jama'a, su duba ko ya kamu ne ko ɗanɗano yake yi. Na biyu, matsalar ba ta ƙare ba, ta ragu ne, musamman yaɗuwar cutar ƙanjamau tsakanin masu yi wa kansu allurar ƙwaya. Kuma abin da mutane ke tsallakewa shi ne sun zuba kuɗi sosai a jinya da sama wa mutane aiki a daidai lokacin. Da matsin tattalin arziki ya zo, a 2012 aka rushe hukumar da ke riƙe da shirin aka rarraba aikinta, kuma João Goulão, likitan da ya jagoranci tsarin, ya sha kokawa kan raguwar kuɗi.

Ɗan_Jami'a:
Na gode Dokta, na karɓi gyara. To ita jihar Oregon ta Amurka da ta gwada irin wannan, me ya sa nata ya rushe?

Dr_Aminu_K:
Oregon ta sa keke gaban doki. Masu zaɓe sun amince da dokar da ake kira Mataki na 110 a Nuwamban 2020, ta fara aiki a Fabrairun 2021. Wanda aka kama da ƙwayar shansa, maimakon a gurfanar da shi, sai a ba shi takardar tarar dala 100, a yafe masa idan ya kira wata lamba aka tantance shi. Ƙalilan ne suka kira. Kuɗin jinyar, da za a ciro daga harajin tabar wiwi, sun makale sun daɗe ba su isa cibiyoyi ba. Ga fentanil, wata ƙwaya dangin hiroyin da ta fi ta ƙarfi sosai, ta shigo yankin a daidai wannan lokaci, mace-mace suka hau. A 2024 majalisar jihar ta mayar da hukunci, ya fara aiki 1 ga Satumba. Masana na jayayya har yau kan ko dokar ce ta jawo mace-macen ko fentanil ɗin, amma babu mai musun cewa an cire hukunci kafin a tanadi gadaje.

Barista_Sadiya:
Dokta, "keke gaban doki" ɗin nan dai riga malam masallaci ke nan. Amma na yarda da kai.

Anti_Zulai:
Ku bar ni in dawo da mu kan tambayar Ummu_Hanan, don maganar kuɗi ce, kuma aikina ke nan. Ni ce mai rubuta takardun neman tallafi a wata cibiyar jinya. Babbar matsalar kalmar tallafi ita ce yana da ranar ƙarewa. A ba ku na shekara uku, ko huɗu, ko biyar. Shekarar farko ta tafi wajen ɗaukar ma'aikata da horar da su. A ta biyu aiki ya kankama, mutane sun fara yarda da ku. A ta uku ni kuma na koma kan tebur ina cike shafuka ina addu'a. Akwai shekarar da ba a sabunta mana ba. Na zauna da mai ba da shawara guda da ke riƙe da mutum talatin da ɗaya, na gaya mata wata mai zuwa babu albashi. Ta ɗauko fayilolin ta jera a kan tebur ta ce, to wa zan miƙa wa waɗannan? Ban da amsa. Ciwon da ke bin mutum shekara goma ba a yi masa maganin shekara uku a tsaya.

Jihar Kalifoniya misali ce da kowa zai iya dubawa. A 2000 masu zaɓe suka amince da Ƙudiri na 36, wanda ya ce wanda aka kama karo na farko ko na biyu da ƙwayar shansa a ba shi ɗaurin talala da magani. An ware dala miliyan 120 duk shekara har shekara biyar. Jami'ar UCLA da ta bi diddigin shirin ta gano cewa wajen kashi ɗaya cikin uku ne suka kammala jinyar, amma duk da haka jihar ta yi rarar kuɗi saboda raguwar ɗauri. Da tattalin arziki ya karye wajen 2009 sai aka yanke kuɗin. Dokar na nan a littafi, alƙali na cewa je ka yi magani, wurin maganin kuma babu mai biya.

Malam_Lissafi:
Anti, wannan ya taɓa lissafina. Rarar da ake samu tana faɗawa asusun gidajen yari ne, ba ta dawowa asusun jinya. Shi ya sa kullum jinya ke zama kamar mai bara, alhali ita ta kawo sauƙin.

Abu_Fatima:
Ni tambayata kan maganin kansa ce. Na ji ana ba su wani magani wai shi metadon. Wannan ai musanya ƙwaya da ƙwaya ne, kuma da kuɗin gwamnati. Ina warkewa a nan?

Sista_Rabi:
Malam, alƙalai da yawa ma haka suka ɗauka, suna tilasta wa mutane su daina shansa kafin a yaye su daga shirin kotu, wasu kuma suka mutu bayan dainawar. Shi ya sa a 2015 gwamnatin tarayyar Amurka ta ce kotun da ke karɓar tallafinta ba za ta hana mutum maganin da likita ya rubuta masa ba. Metadon da bufirenofin, idan aka auna daidai, ba sa bugar da wanda jikinsa ya riga ya saba. Suna kwantar da ƙishirwar ne, mutum ya tashi ya je aiki ya dawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin jerin muhimman magunguna tun 2005. Jihar Rhode Island ta fara ba fursunoni waɗannan magunguna a 2016 tare da haɗa su da asibiti bayan sun fita, kuma mutuwar sababbin fitowa ta ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari. Sai dai a sani, magungunan nan na masu shan hiroyin da danginta ne. Hodar ibilis ba ta da irin wannan magani har yanzu, sai jinyar zama da shawara.

Abu_Fatima:
Har yanzu raina bai kwanta ba da mutum ya shekara biyar yana karɓar abu kullum. Amma na ji hujjarki.

Barista_Sadiya:
Akwai wani gefe da ban faɗa ba ɗazu, kada a ce ina tallar tsarin. A kotuna da yawa sai ka amsa laifi tukuna kafin a karɓe ka. Idan ka faɗi a hanya, babu sauran kare kai, kuma wani lokacin hukuncin da za ka sha ya fi wanda da za a ba ka tun farko. Sannan tunda ana auna mai karɓar tallafi da yawan waɗanda suka kammala, akwai jarabar a zaɓo masu sauƙi, irin wanda aka kama da ɗan wiwi, wanda ko ba a yi masa komai ba zai daina. Wanda ya fi buƙata kuwa, sau da yawa yana da wani tsohon faɗa a tarihinsa, sharaɗin 1994 ɗin nan ya rufe masa ƙofa.

Na_Dawo_Hanya:
Barista gaskiya kika faɗa. Abokina da muka fara sha tare ba a karɓe shi ba saboda dambe ɗaya da ya yi yana ɗan shekara sha tara. Ya rasu shekara biyu da suka wuce, kwana tara da fitowarsa daga gidan yari.

Dattijon_Zaure:
Allah ya jiƙansa. Ni dai inda na tsaya: dillali kada a sassauta masa ko kaɗan. Mashayi kuma, in za a kashe kuɗin jama'a a kansa, to alƙali ya riƙe igiyar, kuma a riƙa fito da alƙaluma jama'a su gani duk shekara. Batun mai ciwon ƙoda da 'yata ta kawo kuma har yanzu babu wanda ya amsa min shi yadda zan gamsu.

Hajiya_Maman_Biyar:
Yaya, ni ma ban da amsar. Amma uwar mashayi ma tana biyan harajin nan.

Ummu_Hanan:
Na gode muku duka, ban zaci abin zai yi nisa haka ba. Shi ƙanen nawa yanzu shari'arsa ta biyu na tafe. Anti_Zulai, Sista_Rabi, idan lauyansa ya samo masa gurbi a wata cibiya, me ya kamata in tambaye su kafin mu sa hannu?

Anti_Zulai:
Tambaye su yaushe kuɗin da ke biya masa za su ƙare, kuma wa zai ci gaba da ganinsa bayan an sallame shi. Ki sa su rubuta miki.

Sista_Rabi:
Ki kuma tambaya ko akwai likita mai rubuta magani a wurin, da tsawon jinyar, don abin da bai kai wata uku ba amfaninsa kaɗan ne. Idan hiroyin ko danginta yake sha, ki nemi naloksan ki ajiye a gida, akwai wanda ake fesawa a hanci yana dawo da numfashi kafin a kai asibiti. Wace iri yake sha?